Bernhard von Bülow: gado ne ya kai shi shugabancin gwamnatin Jamus ko cancanta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibin tarihi ne. A jerin shugabannin gwamnatin Jamus na kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya na ga sunan Bernhard von Bülow, aka ce mahaifinsa ma babban jami'in diflomasiyya ne. Shin gado ne ya kai shi wannan kujera ko cancanta? Me ya sa ba a jin sunansa kamar na Bismarck? Kuma ina zuriyarsa take?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Gida ne ya buɗe masa ƙofa, aure ya ƙara masa gata, amma abin da ya ɗora shi a kan kujerar shi ne iya zama da Sarki Wilhelm na Biyu. Wannan iyawar ce ta riƙe shi kusan shekara tara, daga Oktoban 1900 zuwa Yulin 1909, kuma ranar da ta kuɓuce masa sai ya tarar ba shi da wani abin dafawa. Bari mu bi abin daga tushe, domin idan ba ka san gidan ba, ba za ka gane mutumin ba.

Gidan Bülow tsohon gidan sarauta ne na yankin Mecklenburg a arewacin Jamus, sunansu ya fara bayyana a rubuce tun 1229. Ba sarakuna ne masu mulkin ƙasa ba. Masu gonaki ne da ke ba sarakuna hafsoshin soja da ma'aikatan fada, kuma sun yi rassa da yawa. Janar Bülow von Dennewitz da ya yaƙi Napoleon a Waterloo a 1815 ɗan wannan dangi ne, haka ma Hans von Bülow, shahararren jagoran makaɗa, da Karl von Bülow wanda ya jagoranci runduna ta biyu ta Jamus a yaƙin kogin Marne a 1914. Waɗannan duk 'yan wasu rassa ne, kada ka ɗauka 'yan ɗaki ɗaya ne da namu. Wanda ya fi kusa da shi shi ne Heinrich von Bülow, ɗan'uwan kakansa, wanda ya daɗe yana jakadan Prusiya, babbar masarautar Jamus, a Landan.

Mahaifinsa, Bernhard Ernst von Bülow, shi ne mabuɗin labarin. A lokacin, yankin Holstein yana ƙarƙashin Sarkin Danmak duk da cewa mutanensa Jamusawa ne, don haka uban ya fara aiki ne a matsayin ma'aikacin Danmak. Shi ne wakilin Holstein da Lauenburg a majalisar ƙawancen ƙasashen Jamus da ke zama a Frankfurt. A wannan majalisa ya haɗu da wakilin Prusiya, wani matashi mai tsaurin kai da ake kira Otto von Bismarck. Gidajen biyu suka saba, yaransu suka yi wasa tare. Herbert, babban ɗan Bismarck, sa'an Bernhard ne, shekara ɗaya aka haife su. A 1862 uban ya bar aikin Danmak ya zama babban ministan Mecklenburg-Strelitz, sannan a 1873, bayan haɗewar Jamus, Bismarck, shugaban gwamnatin daular na farko, ya ɗauko shi ya ba shi sakataren harkokin waje na daular, muƙamin da ya riƙe har mutuwarsa a 1879. Mahaifiyar kuwa, Louise Victorine Rücker, 'yar manyan attajiran Hamburg ce. Wato suna daga wajen uba, kuɗi daga wajen uwa. A Klein Flottbek da ke gefen Hamburg aka haifi Bernhard ranar 3 ga Mayun 1849.

Ya tashi da Faransanci da Ingilishi a bakinsa tun yana yaro, ya yi makaranta a Frankfurt da Neustrelitz da Halle, ya karanta shari'a a Lausanne da Leipzig da Berlin. Da yaƙi ya ɓarke da Faransa a 1870 sai ya shiga rundunar mahaya dawaki, ya fito da muƙamin laftana, ya koma ya kammala jarrabawar shari'a a Greifswald a 1872. Ba da jimawa ba ya shiga ma'aikatar harkokin waje, a daidai lokacin da ubansa ya zama shugabanta. Ka ga nan babu wata muhawara: ɗan gida ne aka ɗauka.

Sai dai a yi masa adalci. A Jamus ta wancan zamani kusan duk manyan jakadu 'ya'yan sarauta ne, domin aikin na bukatar mutum ya zo da kuɗinsa da sunan da za a karɓa a fadojin Turai. Cikin ɗaruruwan irinsu, kaɗan ne suka kai inda ya kai. Bülow yana da kaifin ƙwaƙwalwa, ga baki, ga iya karanta mutane. Ya yi ƙananan muƙamai a Rum da St. Petersburg da Vienna da Athens, yana cikin sakatarorin babban taron Berlin na 1878 da ya sasanta rikicin yankin Balkan, ya yi shekara shida a ofishin jakadanci na Paris, ya koma St. Petersburg a 1884, ya zama jakada a Bucharest ta Romaniya a 1888. Bucharest ba wurin da mai buri yake so ba ne, kuma ya shafe shekara biyar a can yana rubuta wasiƙu zuwa Berlin yana neman hanyar fita.

Maganar aurensa ta cancanci a tsaya a kanta, don ta nuna wani gefe na halinsa da masu sukarsa kan manta. Matar, Maria Beccadelli di Bologna, 'yar babban gidan sarautar Sisiliya ce, ƙwararriya wajen kaɗa piyano, ɗalibar Franz Liszt. Matsalar ita ce matar aure ce, kuma mijinta, Karl von Dönhoff, jami'in diflomasiyyar Jamus ne, wato abokin aikin Bülow. Ga ta 'yar Katolika, shi kuma ɗan Furotesta. Sai da kotu ta raba auren farko a 1884, aka kuma samo warwarewa daga fadar Fafaroma, sannan aka nemi yardar Bismarck, domin jami'in diflomasiyya ba ya auren baƙuwa sai da izini. Aka ɗaura aure a Janairun 1886. Mutumin da ake cewa ba ya taka ƙasa sai ya auna riba, a nan ya yi kasadar aikinsa gaba ɗaya saboda mace, kuma sun zauna tare shekara 43 har mutuwa ta raba.

Auren ya kuma zo masa da riba. Mahaifiyar Maria, Donna Laura, ta auri Marco Minghetti wanda ya yi firaministan Italiya sau biyu, kuma zaurenta a birnin Rum matattarar manyan ƙasar ne. Da aka tura Bülow jakada a Italiya a ƙarshen 1893, ba baƙo ya je ba, suruki ya je.

Yanzu mu zo kan yadda ya hau. Dole ka san yadda tsarin mulkin 1871 yake. Majalisar Reichstag maza 'yan shekara 25 zuwa sama ne ke zaɓenta, ita ke amincewa da dokoki da kasafin kuɗi, amma ba ta naɗa shugaban gwamnati kuma ba ta iya tsige shi. Sarki ne kaɗai ke naɗawa, shi ke saukewa. Matsayin ya fi kama da na waziri a fada fiye da na firaministan Ingila: ƙarfinsa duk yana rataye ne da yardar mutum ɗaya. A zamanin Wilhelm na Ɗaya, Bismarck ya juya wannan tsari yadda yake so, don tsohon Sarkin ya sakar masa ragama. Jikansa Wilhelm na Biyu, wanda ya hau a 1888, so yake ya yi mulki da kansa. Ya sallami Bismarck a 1890, ya gwada Janar Caprivi suka kasa daidaitawa, ya kawo tsoho Hohenlohe a 1894 don ya riƙe wurin kafin a samo wanda ake so.

Wanda ya samo wa Sarki Bülow shi ne Philipp zu Eulenburg, babban aminin Sarki, wanda suka san juna da Bülow tun a Paris. A nan ma 'yan ɗakinsu sun yi aiki. Ƙanen Bülow, Adolf, hafsan soja ne da ya yi wa Wilhelm dogari tun yana yarima, suka shaƙu ƙwarai. Wani ƙanen, Alfred, jami'in diflomasiyya, yana cikin abokan Eulenburg na kusa. Bülow ya riƙa aika wa Eulenburg wasiƙu cike da yabon Sarki, yana jera shi da Frederick Mai Girma, shahararren tsohon Sarkin Prusiya, ya kuwa san sarai cewa maganar za ta isa kunnen wanda ake yabo. Ya kuma yi alkawarin cewa shi, saɓanin na gabansa, zai zama kayan aikin Sarki ne, kuma a hannunsa mulkin Sarki na ƙashin kansa zai fara da gaske. Wilhelm ya ce Bülow ne zai zama Bismarck ɗinsa. A 1897 aka ba shi kujerar da ubansa ya zauna a kai, bayan shekara uku kuma aka ba shi shugabancin gwamnati, ya zama na huɗu a tarihin daular.

Fadanci ne? Fadanci ne kam, ba wani suna da za a ba shi. Abokan aikinsa sun laƙaba masa sunan wani kifi mai santsi da ba ya kamuwa a hannu. Amma ni ba na cikin masu cewa fadancin ne kawai. Wilhelm mutum ne mai saurin fushi da saurin sauya ra'ayi, yana iya yin jawabi ɗaya ya ɓata aikin shekara. Bülow ya yi lissafin cewa hanya ɗaya ta juya irin wannan mutum ita ce a yaba masa da safe a karkatar da shi da yamma. Sau da yawa idan Sarki yana Berlin sukan yi yawo tare a lambun fadar shugaban gwamnati, kuma a nan ake kashe yawancin magana. Dabarar ta yi aiki na wasu shekaru. Illarta ita ce duk ƙarfinsa ya tafi wajen tattalin mutum ɗaya, manyan matsalolin ƙasa kuma, irin su kuɗin gina jiragen yaƙi da tsarin zaɓen Prusiya mai fifita masu dukiya, ya yi ta ɗaga su zuwa gobe.

A fagen duniya, sunansa ya manne da jawabin da ya yi a Reichstag ranar 6 ga Disambar 1897, inda ya ce Jamus ba ta son tura kowa cikin inuwa, amma ita ma tana neman wurinta a cikin rana. A lokacin sojojin ruwan Jamus sun riga sun mamaye gaɓar Kiautschou a ƙasar Sin, a 1898 aka tilasta wa Sin ta ba da hayarta na shekara 99. A 1899 ya sayi tsibiran Caroline da Mariana da Palau daga Sifaniya, Sarki ya saka masa da sarautar Graf. Tsibirai ne da ba su taɓa mayar da kuɗin da aka kashe a kansu ba, amma jaridu sun yi murna, kuma Bülow mutum ne da ya san darajar jarida fiye da duk wanda ya gabace shi.

Akwai inda zamaninsa ya taɓa mu kai tsaye. Yarjejeniyar Samoa ta Nuwamban 1899 tsakanin Jamus da Ingila, wadda aka ƙulla yana sakataren harkokin waje, ba tsibiran tekun Pasifik kaɗai ta raba ba. Ta raba har da yankin da aka bari ba na kowa ba a bayan Togo da Gold Coast: Salaga, kasuwar goron da fataken Hausa suka daɗe suna zuwa, ta faɗa hannun Ingila, Yendi ta faɗa hannun Jamus, aka tsaga ƙasar Dagomba gida biyu. A shekarunsa na shugabanci kuma Jamusawa suka ci yawancin Adamawa. Bayan Ingilishi sun kama Yola a Satumbar 1901, Lamiɗo Zubairu ya fice ya ci gaba da yaƙi, sojojin Jamus suka karya shi a Garwa a ƙarshen shekarar, sannan a Marwa a Janairun 1902 ƙarƙashin Hans Dominik. A 1902 ɗin dai suka isa Dikwa. Har zuwa 1907 sashen mulkin mallaka yana ƙarƙashin ma'aikatar harkokin waje ne, don haka alhakin yana wuyan gwamnatinsa, ko da yake hafsoshin da ke filin ne ke yanke yawancin hukunci.

Mafi muni shi ne abin da ya faru a ƙasar da ake kira Namibiya yau. Da al'ummar Herero suka yi bore a 1904, Janar Lothar von Trotha ya kora su cikin hamada ya tsare rijiyoyi, ya kuma ba da umarnin kashe duk wanda aka gani a watan Oktoba. Bülow ya matsa wa Sarki har aka janye umarnin a Disamba, yana kafa hujja da cewa ya saɓa wa koyarwar Kirista, zai hallaka ma'aikatan da mulkin mallaka ke bukata, zai kuma zubar da mutuncin Jamus. Masu kare shi kan tsaya a nan. Abin da ya biyo baya shi ne tsare waɗanda suka tsira a sansanoni bisa umarnin Berlin, inda yunwa da cuta da aikin dole suka kashe dubbai, Herero da Nama. A 2021 gwamnatin Jamus ta amsa cewa kisan ƙare dangi ne. Kuma da jam'iyyar Katolika ta Zentrum da ta 'yan gurguzu ta SPD suka ƙi amincewa da ƙarin kuɗin wannan yaƙi a Disambar 1906, Bülow ya rushe majalisa ya yi yaƙin neman zaɓe da taken kishin ƙasa. Ya ci riba: kujerun SPD suka faɗo daga 81 zuwa 43, duk da cewa ƙuri'unsu sun ƙaru.

Dalilin da ya sa ba a ambatonsa kamar Bismarck yana cikin abin da ya gada da abin da ya bari. Ya karɓi Jamus tana da zaɓi, ya bar ta a kewaye. Tsakanin 1898 da 1901 wasu manyan Ingila, musamman Joseph Chamberlain, sun nemi fahimtar juna da Jamus. Bülow da mashawarcinsa Friedrich von Holstein sun yi imani cewa Ingila ba za ta taɓa shiryawa da Faransa ko Rasha ba, don haka a ja mata rai, farashi zai ƙaru. A gefe guda kuma Admiral Tirpitz yana gina manyan jiragen yaƙi bisa dokokin 1898 da 1900, kuma aikin Bülow shi ne ya lallaɓa duniya har jiragen su kammala. Ingila ba ta jira ba. Ta ƙulla ƙawance da Japan a 1902, ta sasanta da Faransa a Afrilun 1904, ta sasanta da Rasha a 1907. Wannan sasantawa ta 1904 ce ma ta gyara iyakar Najeriya da Nijar ta yau, don Faransawa su sami hanya mai ruwa daga kogin Kwara zuwa Damagaram da tafkin Chadi.

Bülow ya yi yunƙurin fasa ƙawancen Ingila da Faransa ta hanyar Maroko. Shi ya matsa wa Sarki, wanda bai so ba, ya sauka a Tanja ranar 31 ga Maris 1905 ya nuna goyon baya ga 'yancin Sarkin Maroko. Da farko abin ya yi kamar nasara: ministan harkokin wajen Faransa, Delcassé, ya yi murabus ranar 6 ga Yuni, a ranar kuma Wilhelm ya ɗaga Bülow zuwa sarautar Fürst, wadda ta fi ta Graf. Amma maimakon ya karɓi abin da Faransa ke shirin bayarwa a ɓoye, sai ya nace a yi babban taro. A taron Algeciras na 1906, cikin manyan ƙasashe Ostiriya kaɗai ta tsaya wa Jamus. A Afrilun shekarar Bülow ya yanke jiki ya faɗi a zauren majalisa, ya yi watanni yana jinya, Holstein kuma ya rasa aikinsa.

Idan kana son ganin irin alaƙarsa da Sarki, dubi abin da ya faru a Yulin 1905. Wilhelm ya haɗu da Sarkin Rasha Nicholas na Biyu a jirgin ruwa a Björkö, suka sa hannu a wata yarjejeniyar tsaro, amma Wilhelm ya ƙara wasu kalmomi da kansa ba tare da shawara ba. Bülow ya ce zai ajiye aiki. Sarki ya rubuto masa wasiƙa yana roƙo, har yana cewa idan takardar murabus ta iso, gari ba zai waye masa da rai ba, a tuna da matarsa da 'ya'yansa. Bülow ya janye. Ya yi nasara a ranar, amma mai mulki ba ya manta wanda ya sa shi roƙo.

Daga 1906 gidan da ya hau ta cikinsa ya fara rushewa. Ɗan jarida Maximilian Harden ya buɗe wuta a kan Eulenburg da abokansa da zargin luwaɗi, wanda laifi ne a dokar Jamus ta lokacin, aka shiga shari'o'i masu tonon silili. Bülow bai ɗaga yatsa don kare mutumin da ya kawo shi ba. Shi ma wani marubuci, Adolf Brand, ya jefe shi da irin wannan zargi a 1907, ya kai ƙara, kotu ta ɗaure Brand wata 18.

Abin da ya karya shi ya zo a Oktoban 1908. Wani hafsan Ingila da Sarki ya sauka a gidansa ya tattara hirarrakinsu don a buga a jaridar Daily Telegraph. Wannan karon Wilhelm ya bi ƙa'ida, ya aika wa Bülow rubutun ya duba. Bülow yana hutu a tsibirin Norderney, ya tura wa ma'aikatar harkokin waje, ƙananan jami'ai suka gyara 'yan kurakurai suka mayar, aka buga ranar 28 ga wata. A ciki Sarki ya kira Ingilishi mahaukata, ya ce yawancin Jamusawa ba sa ƙaunar Ingila amma shi abokinta ne, ya ce shi ya aika wa kakarsa Sarauniya Victoria dabarun yaƙi da Turawan Boer na Afirka ta Kudu, ya tona cewa Faransa da Rasha sun nemi ya haɗa kai da su a kan Ingila, ya kuma nuna cewa jiragen yaƙinsa na iya fuskantar Japan. Cikin hira ɗaya ya ɓata wa kowa rai, har mutanensa. Bülow ya ce bai karanta rubutun ba. Masana tarihi sun rabu a kan gaskiyar wannan magana, amma ko ya karanta ko bai karanta ba, laifin nasa ne, tunda aikinsa ke nan.

A muhawarar majalisa ta 10 da 11 ga Nuwamba, jam'iyyu duka suka yi wa Sarki ca. Bülow ya yi masa kariya ta rabin zuciya, ya ce nan gaba Sarki zai riƙa kame bakinsa, in ba haka ba babu shugaban gwamnatin da zai iya ɗaukar nauyin aikin. Ya ceci kansa a gaban majalisa, ya rasa Sarki har abada. A nan ne nake ganin babbar gazawarsa. A wannan mako yana da damar da babu wanda ya samu tun 1871, ta ya jingina da majalisa ya nemi a sauya tsarin mulki yadda gwamnati za ta riƙa amsa tambaya a gaban zaɓaɓɓu. Bai nema ba, domin shi kansa ɗan tsohon tsarin ne, bai san wata hanyar mulki ba sai ta fada.

Saura majalisa, ita ma ta zame masa. Ƙawancen da ya haɗa bayan zaɓen 1907, na masu ra'ayin riƙau da masu sassaucin ra'ayi, ya yi abin kirki guda da ya kamata a ambata: dokar ƙungiyoyi ta 1908 da ta ba mata damar shiga jam'iyyun siyasa. A shekarar dai gwamnatin Prusiya, wadda ita ma shi ke shugabanta, ta yi dokar ƙwace gonakin 'yan Poland. Jiragen Tirpitz kuma sun cinye baitulmali, dole a nemo sabon haraji. Bülow ya kawo shawarar faɗaɗa harajin gado ya shafi abin da 'ya'ya da matan aure ke gada. Masu manyan gonaki, wato ajinsa, waɗanda ya faranta wa rai a 1902 da ƙarin kuɗin fito kan hatsin waje, suka haɗa kai da Zentrum suka kayar da dokar ranar 24 ga Yunin 1909. Ya miƙa takardar murabus, wannan karon babu wasiƙar roƙo. A Yuli Bethmann Hollweg ya gaje shi. Kafin ya tafi ya bar wani gado mai nauyi: a rikicin Bosniya na 1908 zuwa 1909 ya tsaya wa Ostiriya ba tare da sharaɗi ba har Rasha ta janye cikin wulaƙanci, abin da Rasha ta ƙudura ba za ta sake yarda da shi ba, kuma ba ta yarda ba a 1914.

Bülow bai sauka cikin talauci ba. Ya gaji dukiya mai yawa daga wani ɗan'uwansa na ɓangaren Hamburg, ya sayi Villa Malta a birnin Rum, gidan da ya taɓa zama na Sarkin Bavariya Ludwig na Ɗaya, yana raba shekara tsakanin can da arewacin Jamus. A Disambar 1914 aka sake kiransa, aka tura shi Rum ya hana Italiya shiga yaƙi a ɓangaren Ingila da Faransa, da fatan surukuta da tsohuwar sabo za su yi aiki. Ya yi ta matsa wa Ostiriya ta ba Italiya yankin Trentino, Ostiriya ta yi ta jan ƙafa, ɗaya ɓangaren kuma ya yi alkawarin abin da ya fi haka a yarjejeniyar Landan ta Afrilun 1915. Ranar 23 ga Mayu Italiya ta shelanta yaƙi a kan Ostiriya. A 1917, da Bethmann Hollweg ya faɗi, wasu sun so a dawo da Bülow, Sarki ya ƙi ko jin sunan.

Maria ta rasu a Janairun 1929, shi kuma ya bi ta ranar 28 ga Oktoban shekarar a Rum, aka kai gawarsa maƙabartar Nienstedten a Hamburg. Tarihin rayuwarsa da ya rubuta, juzu'i huɗu, ya fito bayan mutuwarsa a 1930 da 1931, kuma shi ya ƙarasa abin da ya rage na sunansa. Ya wanke kansa daga komai, ya yi wa kusan duk wanda ya yi aiki da shi ba'a, har tsofaffin jami'ai suka haɗu suka buga littafin raddi suna nuna inda ya karkatar da gaskiya. Idan za ka yi amfani da shi a bincikenka, yana da daɗin karatu kuma yana nuna yadda fadojin Turai suke, amma duk abin da ya faɗa game da kansa ka nemi shaida ta biyu.

Game da zuriya, shi da Maria ba su haihu ba, tana dai da 'ya daga aurenta na farko, don haka sarautar Fürst ta ƙare a kansa. Tun 1919 ma tsarin mulkin sabuwar jamhuriyar Jamus, wato na Weimar, ya soke gatan 'yan sarauta, laƙabinsu ya koma ɓangaren suna kawai. Ƙanensa Adolf ya rasu a 1897 sakamakon faɗowa daga kan doki, Karl Ulrich, janar na mahaya, ya mutu a Beljiyam a watan farko na yaƙin 1914, Alfred ya daɗe yana jakada a Suwizalan ya rasu a 1916. Wanda ya ci gaba da sana'ar gidan shi ne ɗan Adolf, Bernhard Wilhelm von Bülow, wanda ya zama sakataren ma'aikatar harkokin waje a 1930, na uku a gidan da ya riƙe muƙami mai wannan suna, ko da yake a zamaninsa akwai minista a samansa. Da Hitler ya hau mulki a 1933 bai ajiye aiki ba, ya zauna a kujerar har mutuwarsa a 1936. Sauran rassan dangin suna nan har yau. Daga cikinsu Andreas von Bülow ya yi ministan bincike a gwamnatin SPD daga 1980 zuwa 1982, kuma wanda Jamusawan yanzu suka fi sani da wannan suna shi ne Vicco von Bülow, mai zanen barkwanci da wasan ban dariya da aka fi sani da Loriot, wanda ya rasu a 2011.